Wa ke cewa « ni »? Harshe da iko cikin finafinan Rajinikanth

0. Gabatarwa

A bakin mai kallo na Maradi ko na Damagaram, « fim ɗin Indiya » abu guda ne, harshensa ma guda, wato « Indiyanci ». Wannan suna gadon zamanin da gidajen sinima ke kawo finafinan Bombay ne, masu magana da Hindi. Lamarin ya sake. Da yawa cikin finafinan da ake ɗora wa muryar Hausa a Kano, su iso mana cikin wayar salula, daga kudancin Indiya suka fito, inda ake yin Telugu, Tamil, Kannada da Malayalam. Hindi ɗan gidan Indo-Turai ne, dangin Faransanci na nesa. Waɗannan huɗu kuwa gidansu daban (langues dravidiennes). Masu Tamil kaɗai sun kai kimanin miliyan 69 a Indiya bisa ƙidayar 2011, ban da na Sri Lanka, Maleshiya da Singafo.

A wannan takarda za mu duba tauraro guda na fim ɗin Tamil, Rajinikanth, ta fuskar da ta shafi sashenmu, watau ta harshe. Abin da muke son nunawa shi ne cewa ƙarfinsa da rauninsa duk daga wuri ɗaya suka taso: daga irin maganar da ake sa masa a baki, da kuma shubuhar da ke tattare da wanda ke faɗinta.

1. Tamil biyu

Tamil na cikin sanannun misalan abin da Ferguson ya kira diglossie a 1959, kuma Francis Britto ya keɓe masa littafi sukutum a 1986. Akwai Tamil na rubutu da huɗuba da labaran rediyo, akwai na gida da kasuwa. Tazarar da ke tsakaninsu ta wuce wadda ke tsakanin daidaitacciyar Hausa da Hausar Tahoua nesa ba kusa ba, domin ta shiga har cikin ƙirar aikatau:

(1) avarkaḷ vantārkaḷ / avanga vandānga « sun zo »
(2) pōkiṟēṉ / pōṟēn « ina tafiya »
(3) irukkiṟatu / irukku « akwai »

Na hagu ana koyonsa a makaranta, na dama ana shan sa a nono. Ba wanda ke cinikin albasa da na hagu, kuma a al'adar dandalin siyasa na ƙarni na 20 ba da na dama ake neman ƙuri'a ba. Duk marubucin fim na Madras (Chennai tun 1996) dole ya zaɓi inda zai tsaya tsakanin biyun, kuma zaɓin nan bai taɓa rabuwa da siyasa ba.

2. Daga Parasakthi zuwa M.G.R.

Fim ɗin Tamil mai magana na farko, Kalidas, ya fito a 1931. Amma tarihin da ya dame mu ya fara ne a 1952 da Parasakthi, wanda M. Karunanidhi ya rubuta wa zance. Karunanidhi jigo ne a jam'iyyar DMK da C. N. Annadurai ya kafa a 1949, jam'iyyar da ke adawa da fifikon Brahmanawa da kuma ɗora Hindi a kan kudu. A fagen kotu na ƙarshen fim ɗin, sabon ɗan wasa Sivaji Ganesan ya yi doguwar huɗuba cikin Tamil na sama, mai cike da karangiya da maimaita sautin farko na kalmomi, yana tuhumar addinin ƴan damfara da al'ummar da ta bar ƙanwarsa cikin bara. Mutane sun haddace ta. Bernard Bate ya nuna a littafinsa na 2009 kan balagar Tamil abin mamakin da ke cikin wannan al'ada: jam'iyyar talakawa ce ta ɗauki harshen adabi ta kai shi dandali, kuma talakan da bai iya karatu ba ya karɓe shi a matsayin nasa. DMK ta hau mulki a 1967, bayan boren ƙin Hindi na 1965, kuma a 1969 jihar Madras ta koma Tamil Nadu.

M. G. Ramachandran (1917-1987) ya bi wata hanyar. An haife shi a Silon, iyayensa masu Malayalam ne. A fim ba ya shan giya, ba ya shan taba, yana girmama uwa, yana ceton matalauci. A Janairun 1967 abokin sana'arsa M. R. Radha ya harbe shi a wuya. Muryarsa ba ta koma daidai ba har ya mutu, amma ya ci zaɓe yana kwance a asibiti. Ya kafa tasa jam'iyyar a 1972, ya mulki jihar daga 1977 zuwa 1987. M. S. S. Pandian, cikin The Image Trap (1992), ya yi masa hukunci mai tsanani: talakawa sun zaɓi hoton majigi, mulkin kuwa bai yi musu abin da hoton ya alkawarta ba. Ana iya jayayya da Pandian kan wasu abubuwa (shirin ciyar da ƴan makaranta na 1982 ba hoto ba ne, tuwo ne), amma ya kafa tambayar da ta rataya a wuyan duk tauraron da ya biyo baya.

3. Baƙon da ya gaji gida

Sunansa na yanka Shivaji Rao Gaekwad. An haife shi a Bangalore ranar 12 ga Disamba 1950, cikin gidan masu Marathi, mahaifinsa ɗan sanda. Ya tashi da Marathi da Kannada. Tamil ya zo masa daga baya. Ya yi aikin kwandasta a bas ɗin birni (kada a fahimce shi da aparantin tasharmu: ma'aikaci ne mai albashi da jakar tikiti) kafin ya shiga makarantar koyon wasan fim a Madras. Darakta K. Balachander ne ya ba shi ƙaramin matsayi cikin Apoorva Raagangal a 1975, shi ne kuma ya sake masa suna, saboda fagen ba zai ɗauki Sivaji biyu ba.

Abin lura a nan: masana'antar da ta ginu kan kishin harshen Tamil ta miƙa sarautarta sau biyu ga wanda Tamil ba harshen gidansu ba ne. Game da Rajinikanth abin ya fi fitowa fili, don kunne na jin sa. Yana magana da sauri, yana haɗiye ƙarshen kalma, yana tsinka jimla inda ba a zata ba. In aka auna shi da ma'aunin Parasakthi, ya faɗi jarrabawa. Sai dai ya iso daidai lokacin da ma'aunin ke sakewa. A 1977 Bharathiraja ya fitar da kyamara daga ɗakin ɗauka zuwa ƙauye cikin 16 Vayathinile, mutanensa na magana da Tamil na dama a misalanmu na sama, kuma Rajinikanth ne mugun ƙauyen. Baƙin mutum ne a masana'antar da ta saba shafa wa jarumanta farar hoda. Abin da a da za a kira aibi, na fata da na lafazi, ya zama shaidar cewa shi na ƙasa ne.

Masu shekarunmu sun san fuskarsa ba tare da sun san wannan tarihi ba. Ya fito a finafinan Hindi irin su Andha Kanoon (1983), Geraftaar (1985), Chaalbaaz (1989) da Hum (1991), galibi a matsayin na biyu, mai wasa da taba sigari da tabarau. Wanda ya san shi ta nan kaɗai ya san bawan, bai ɗanɗana ɗan itacen ba.

3.1. Mullum Malarum (1978)

A ganinmu wannan fim na J. Mahendran shi ne mafi kyawun aikinsa, kuma muna roƙon a kalle shi kafin a yanke hukunci kan sauran. Sunan kansa abin nazari ne. Ɗafin -um na iya zama mahaɗi, sai a karanta « ƙaya da fure »; malarum kuma na iya zama aikatau na lokaci mai zuwa, sai a karanta « ƙaya ma za ta yi fure ». Karatu na farko ya raba wa da ƙanwa gida biyu, na biyu ya maida labarin kan wan shi kaɗai. Fim ɗin bai zaɓa mana ba.

Kali maraya ne mai sarrafa injin jan keken ƙarfe a wata tashar lantarki ta kan dutse. Ba shi da kowa sai ƙanwarsa Valli. Ya tsani sabon injiniya, ba don injiniyan azzalumi ne ba (mutumin kirki ne ma, mai bin doka), sai don Kali ba ya jure a tsaya a kansa. Aka kore shi aiki, ya sha ya bugu, mota ta taka masa hannun hagu, aka yanke. Daga baya injiniyan ya nemi auren Valli, Kali ya ƙi. A fagen ƙarshe Valli ta bi ayarin masu kai ta wurin injiniyan, ta yi nisa, sai ta juyo da gudu ta rungume wanta. A nan ne kaɗai, bayan ya tabbata a gaban jama'a cewa shi aka zaɓa, Kali ya ba da izinin auren, yana mai ƙarawa da cewa har yanzu ba ya son mutumin.

Mahendran ya rage zance, ya bar hoton Balu Mahendra da kiɗan Ilaiyaraaja su ɗauki nauyi. Inda Sivaji Ganesan zai yi huɗubar minti biyar, Rajinikanth yana yin shiru, ya kau da kai, ya saki kalma uku. Girman kan Kali ba a wanke shi ba, ba a kuma hukunta shi ba. An nuna shi a matsayin dukiyar wanda ba shi da wata. Muna da ƙorafi guda: Valli ba ta da abin so na kanta da ya wuce zaɓi tsakanin maza biyu. Duk da haka, mutum ne ke tsaye a majigin, mai laifi da rauni, kuma « ni » ɗin da ke bakinsa na Kali ne, ba na wani ba.

4. Kirari

Daga Billa (1980), wanda aka kwaikwayo daga Don na Amitabh Bachchan, hanya ta karkata. Daga Annaamalai (1992) sunan tauraron da laƙabinsa ke fara bayyana a majigi harafi bayan harafi, da kiɗansu na musamman, kafin labari ya soma. Mu da muka san fagen kokowa ba mu buƙatar dogon bayani: take ne, makaɗi na kiran gwaninsa. Abin da ke biyo bayan take kuwa kirari ne.

Masu fim ɗin Tamil suna da irin wannan magana: gajeriyar jimla mai kari, wadda jarumi ke maimaitawa sau da dama cikin fim, tare da motsin hannu da ƙarar da aka ɗora masa. Ta Baashha (Suresh Krissna, 1995) ita ce mafi shahara, ma'anarta kuwa faɗarsa ɗaya daidai take da faɗa ɗari. A lura da abin da jimlar ke magana a kai: ba ƙarfin dantse ba, nauyin magana. Kirari ne da harshe ke yi wa kansa.

Baashha an gina shi da wayo. Rabin farko, Manickam direban a-daidaita ne mai haƙuri, ana ɗaure shi a jikin turke ana duka, ba ya ramawa. Mai kallo ya san ƙarya ne, domin ya ga take a farkon fim. Jiran da ake sa shi yi shi ne daɗin. Sa'ad da asiri ya tonu cewa a Bombay shi ne uban daba, wanda ya ɗauki sunan amininsa Musulmi da aka kashe, ba wani sabon abu aka gaya wa ɗakin kallo ba. An dai ba shi izinin yin ihu. Ta fuskar sana'a ba mu da abin cewa: tsarin ya yi aiki, an kuma yi ta kwaikwayonsa.

Matsalar tana wurin da Benveniste ya koya mana mu duba. « Ni » ba shi da ma'ana sai a bakin mai faɗinsa, a lokacin faɗin. To idan jarumi ya juyo ya kalli kyamara ya ce zai zo a lokacin da ya dace, kamar yadda ya yi cikin Muthu (1995), wa ya yi magana? Cikin labari, bawan gidan mai ƙasa ne. A ɗakin kallo na Madurai kuwa, mutumin da jaridu ke tambaya kullum yaushe zai shiga siyasa ne. Ducrot zai ce muryoyi biyu cikin furuci ɗaya (polyphonie), kuma Constantine Nakassis ya bi wannan sawu dalla-dalla cikin Onscreen/Offscreen. Abin da muke ƙarawa shi ne cewa amfanin shubuhar gefe guda yake zuwa. Mai kallo yana jin alkawari. Ɗan wasa kuwa kullum yana da mafita, ya ce rubutu aka ba shi. Ɗan kokowar da ya yi kirari a fagen Tahoua dole ya shiga ya kama, jama'a na gani, kuma ƙasa ba ta karɓar uzuri. Wannan kirarin an yi shekara 25 ana yin sa ba a shiga fage ba.

A zaɓen 1996 ya fito ya soki gwamnatin Jayalalithaa, ya goyi bayan ƙawancen DMK. Jam'iyyarta ta tsira da kujeru 4 cikin 234. Ko maganarsa ce ta kayar da ita ko guguwar da ta riga ta taso ce ya bi, magoya bayansa sun ɗauki na farko. Ranar 31 ga Disamba 2017 ya ce zai kafa jam'iyya. Ranar 29 ga Disamba 2020 ya janye, bisa dalilin rashin lafiya. Ba mu ga laifi ga mutum mai shekara 70 da aka yi wa dashen ƙoda ya ƙi yawon kamfe cikin annoba ba. Laifin, in akwai, na shekarun da aka yi ana sayar da tikiti da wannan jira ne.

Dole mu faɗi wani abu kan Padayappa (1999), inda Sivaji Ganesan da kansa ya fito a matsayin mahaifinsa. Abokiyar gabarsa mace ce, Neelambari, mai dukiya da girman kai, wadda ta furta da bakinta cewa tana son sa. Ramya Krishnan ta buga matsayin da ƙarfin da ya sa fim ɗin ya zama nata a wurare da dama. Amma kirarin jarumin a nan wa'azi ne kan yadda mace ta gari ya kamata ta kasance, da kuma makomar mai yawan fushi. Girman kan da aka yafe wa Kali a 1978, aka ma sa mu ƙaunace shi saboda shi, shi ne aka kashe Neelambari a kansa. Masu kallo da yawa sun ga inuwar Jayalalithaa a jikinta, abin da bai rage wa fim ɗin muni ta wannan fuska ba.

5. Kaala da Thoothukudi

Pa. Ranjith, darakta Dalit mai bin tafarkin Ambedkar, ya yi ƙoƙarin juya wannan na'ura ta yi wani aiki. Cikin Kabali (2016) jarumin ɗan Tamil ne na Maleshiya, jikan leburorin gandu, wanda sanya kwat ɗinsa kanta magana ce. Cikin Kaala (2018) shugaban Tamilawan unguwar Dharavi ne a Mumbai, yana magana da karin harshen Tirunelveli, yana sanye da baƙi, abokin gabarsa (Nana Patekar) sanye da fari fat yana son rushe unguwar da sunan tsabta. Ranjith ya kwance kirarin daga bakin mutum ɗaya ya raba wa taro: makamin fim ɗin yajin aiki ne, kuma a fagen ƙarshe, bayan an ce Kaala ya mutu, jama'a ce ke sanye da fuskarsa. Wannan fage na cikin mafi kyau da aka ɗauka da shi tun Thalapathi na Mani Ratnam (1991).

Sai dai ranar 22 ga Mayu 2018, kwanaki kaɗan kafin fitowar fim ɗin, ƴan sanda suka buɗe wuta kan masu zanga-zangar ƙin masana'antar tagulla ta Sterlite a Thoothukudi. Mutum 13 suka mutu a tarzomar. Rajinikanth ya ziyarci waɗanda suka ji rauni, sannan ya gaya wa ƴan jarida cewa ɓata-gari ne suka kutsa cikin taron, kuma yawan zanga-zanga zai maida jihar maƙabarta. Ranar 7 ga Yuni Kaala ya fito yana kiran talakawa su tsaya da jikinsu. Muryoyin biyu da suka yi shekaru suna tafiya cikin riga ɗaya sun rabu a gaban kowa. A wannan karon ba a iya cewa jarumin na faɗin abin da mutumin ke nufi ba. Ya tabbata cewa Ranjith ne ke magana, tauraron ya ba da aron maƙogwaro.

Akwai abin da ke hana mu yi masa hukunci irin na Pandian. A wajen majigi Rajinikanth ba ya ɓoye sanƙonsa ko furfurarsa. Yana hawa dandali da farar riga, tsoho kamar kowane tsoho, yana yi wa kansa ba'a. M.G.R. bai yarda a gan shi ba hula da baƙin tabarau ba. Shi wannan kamar yana cewa ku duba, wancan na majigi ba ni ba ne. Masoyansa kuwa sun maida wannan ma hujjar ƙauna, suna kiran sa Thalaivar, wato shugaba, suna zuba madara kan dogayen hotunansa ranar fitowar fim. An ba shi lambar Dadasaheb Phalke a 2021, ya koma ga tsohon tsari cikin Jailer (2023), kuma kujerar ɗan wasa mai neman mulki wani ya nufe ta: Vijay ya kafa jam'iyyarsa a 2024.

6. Idan aka cire muryar

Muthu ya yi kasuwa a Japan a 1998, wurin mutanen da ba su san DMK ba, ba su kuma jin bambancin misali (1). Ke nan akwai abin da ke tsallaka iyaka ba tare da harshe ba: tafiyar, juyin tabarau, dariyar. Amma mai fassara zuwa Hausa ba rubutu yake sakawa a ƙasan hoto ba, muryar yake cirewa ya sa tasa, kuma a nan tambayoyin sashenmu ke farawa.

Kirarin ba shi da wuya. Hausa na da rumbunsa, na ƴan dambe da na ƴan tauri da na mafarauta, kuma sau da yawa mai fassara na zuba abin da ya fi na asali armashi. Abin da ke ɓacewa shi ne tsani. Tamil na bambanta nī da nīnga kamar tu da vous, yana kuma da ɗafin -ḍā da ake jefa wa aboki ko wanda aka raina. Sa'ad da direban a-daidaita ya sauka daga nīnga zuwa -ḍā a gaban mai kuɗi, faɗan ya riga ya fara kafin a ɗaga hannu. Hausa na iya kama wannan da « ku » na girmamawa, da « ranka ya daɗe », da « kai » mai kaushi, in mai fassara ya ji shi. Idan kuwa fassarar ta biyo ta kan kwafin Hindi, an riga an tace ta sau ɗaya, kuma ta hannun harshen da Parasakthi da boren 1965 suka tashi yaƙa. Karin Tirunelveli na Kaala, wanda ke gaya wa ɗan Chennai daga ina mutanen Dharavi suka yi ƙaura, ba ya isowa ko kaɗan. Kowa na fita da Kananci ɗaya, mai gida da bara.

Muna ba ɗalibanmu na shekarar bincike shawarar aiki mai sauƙin farawa: a ɗauki fage guda na minti biyar daga fim ɗin Tamil da aka fassara, a rubuta zancen asali da taimakon nahawun Tamil na baka na Harold Schiffman (1999), a rubuta na Hausa a gefensa, a ƙirga wuraren da aka sauya matakin girmamawa a kowane ɓangare. Sannan a kai fagen gidan kallo a unguwa, a zauna a baya, a rubuta daidai inda ake tafi.